Hoton Saiwar Haƙori da Yadda A Ke Gane Warkewarta: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan jawabi domin hakimai da malaman da ke riƙe da littattafan gunduma, saboda su ne talakawa su kan fara kai wa kuka, maganarsu kuma ta fi ta baƙo shiga kunne a ƙauye. Abin da za a yi bayani a kai shi ne ciwon da ke kama gindin haƙori a cikin ƙashi, da hoton da likita ke ɗauka domin ya gan shi, da yadda a ke tabbatar da warkewarsa bayan an yi aiki.

Mutane da yawa sun ɗauki ciwon haƙori ƙaramin abu ne, wanda in an daure zai wuce. Amma a kan kawo mutum asibiti wuyansa a kumbure, numfashi yana neman gagararsa, in aka bi asali kuwa sai a tarar haƙori guda ne aka ƙyale. A shekarar 2021 masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa, suka ga kimanin rabin manyan mutanen da aka duba suna da haƙori aƙalla guda mai ciwo a gindin saiwa. Da yawansu ba su ma san da shi ba.

YADDA HAƘORI YA KE

Baligi yana da haƙora 32, yaro kuwa na nono 20. Abin da ido ke gani a baki kai ne kawai. Sauran, watau saiwa, yana binne cikin ƙashin muƙamuƙi kamar yadda saiwar itace ke cikin ƙasa. Haƙoran gaba da fiƙoƙi saiwa ɗaya gare su. Turame kuwa, watau manyan haƙoran tauna, na ƙasa galibi saiwa biyu, na sama uku.

A waje akwai farin ɓawo, wanda ya fi kome tauri a jikin ɗan Adam. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai kama da ƙashi, a can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki cike da ɓargo mai rai, inda jijiyoyin jini da jijiyar jin zafi su ke. Daga ɗakin nan 'yan hanyoyi sirara su ke gangarawa cikin kowace saiwa, su fita ta wata 'yar kafa a ƙarshenta. Ta wannan kafa jini ke shiga ya ciyar da haƙori. Tsakanin saiwa da ƙashi kuma akwai wani tantani mai zare-zare, kaurinsa bai kai rabin milimita ba, shi ke riƙe haƙori a gurbinsa.

YADDA CIWON KE FARAWA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka abin ya ke ga haƙori. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki suna cin sukari da ragowar abinci, suna fitar da tsami mai cin farin ɓawon nan har ya yi kogo. Wani lokaci kuma faɗuwa ce, ko bugu, ko fasa ƙashi da haƙori, ke buɗe musu ƙofa. In suka kai ga ɓargo sai ya kumbura, ga shi kuwa a cikin ɗaki mai tauri, ba wurin buɗawa. Wannan ne zogin da ke hana barci.

Bayan kwanaki ɓargon ya kan mutu, zogi ya lafa. A nan ne mutane ke ruɗuwa, su ce maganin da suka sa ya ci. Alhali jijiyar da ke kai labarin zafi ce ta mutu, ƙwayoyin cuta kuwa sun sami gida. Jini ba ya shiga mataccen ɓargo, saboda haka dakarun jiki ba sa kaiwa wurin, maganin da aka sha ko aka yi allurarsa shi ma ba ya kaiwa. Dafinsu yana tsiyaya ta kafar ƙarshen saiwa, jiki kuma ya ja daga a nan, ya narkar da ƙashin da ke kewaye domin ya sami filin yaƙi. Ramin da ya samu a cikin ƙashi shi ne abin da hoto ke nunawa.

A shekarar 1965 wasu masana uku a Amurka, Kakehashi da Stanley da Fitzgerald, suka tabbatar da wannan. Suka buɗe ɓargon haƙoran ɓeraye iri biyu. Waɗanda aka rena yadda aka saba, ɓargonsu ya mutu, ciwo ya fito a gindin saiwa. Waɗanda aka rena a wurin da ba ƙwayar cuta ko ɗaya kuwa, haƙoransu suka warke da kansu. 

ASALIN HOTON

Ran 8 ga watan Nuwamba 1895 wani malamin kimiyya Bajamushe, Wilhelm Rontgen, ya gano wani irin haske a birnin Wurzburg, wanda ke ratsa nama amma ƙashi ya kan tare yawancinsa. Shi ne a ke kira hasken eksire. A farkon 1896 wani likitan haƙori na birnin Braunschweig, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoransa da shi, sai da ya zauna minti 25 hasken yana dukansa. A shekarar nan kuma Edmund Kells na birnin New Orleans a Amurka ya fara amfani da shi wajen aikinsa. A zamanin ba a san illar yawan hasken ba. Kells ya yi shekaru yana sa hannu a cikinsa, har yatsunsa suka lalace, daga baya aka yanke hannun.

Yanzu abin ya sake ƙwarai. Ɗaukar hoto ba ta kai daƙiƙa guda ba, hasken da mutum ke samu daga ƙaramin hoto ɗaya kuma kimanin abin da jikinsa ke samu ne daga ƙasa da sararin sama a yini guda. A 1987 aka fito da wani ɗan allo a Faransa wanda ke maye gurbin fim, hoto ya bayyana nan take a kwamfuta. A ƙarshen shekarun 1990 kuma, a Italiya da Japan, aka ƙera na'ura mai zagaya kai, tana nuna muƙamuƙi sala-sala ta kowace fuska. A Nijeriya akwai hukumar tarayya da dokar 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001, ita ke ba da izinin mallakar na'urorin wannan haske da lura da su.

ABIN DA LIKITA KE KARANTAWA

Hoton da aka fi amfani da shi ƙarami ne, bai fi akwatin ashana faɗi ba. A kan sa fim ko allon nan a cikin baki bayan haƙori, hoton ya nuna haƙora biyu ko uku tun daga kai har ƙarshen saiwa. Abu mai tauri ya kan fito fari, mai taushi ko fanko ya fito baƙi. In haƙori lafiya lau ya ke, za a ga siririn baƙin layi ya kewaye saiwa, shi ne tantanin nan, a bayansa kuma siririn farin layi, shi ne bangon gurbin. In ciwo ya fara, baƙin layin ya kan yi faɗi a ƙarshen saiwa, farin ya yanke. In ya daɗe, sai a ga baƙin tabo kewayayye, wani kamar ƙwayar dawa, wani kamar gujiya, wani ma ya fi haka.

Hoton kuma yana nuna yawan saiwoyi da tsawonsu da inda suka karkace, da zurfin kogo, da ko ƙashin da ya rage zai iya riƙe haƙorin. Da wannan likita ke yanke shawara, ko a ceci haƙori ko a cire.

IYAKAR HOTO

An ce gani ya kori ji, amma hoto yana da iyaka, ya kamata kuwa shugabanni su san ta domin kada su zargi likita a kan abin da ba laifinsa ba.

Na farko, hoto yana makara. A 1961 Bender da Seltzer a Amurka suka yi gwaji da ƙasusuwan muƙamuƙi, suka ga in ɓarna tana can cikin lallausan ƙashi na tsakiya, ba ta taɓa ɓawon waje mai tauri ba, sau da yawa hoto ba ya nuna ta. Saboda haka mutum ya kan zo da zogi mai tsanani, hoto ya fito kamar ba kome, domin ciwon sabo ne.

Na biyu, ba kowane baƙin tabo ne ciwo ba. Akwai wata kafa ta halitta a ƙashin ƙasa inda jijiya ke fita zuwa leɓe, akwai kuma kogon iska a ƙashin kunci bisa turamen sama, inuwarsu ta kan faɗa kan saiwa ta yi kama da ciwo. Akwai kuma wani sauyi na ƙashi da a ke yawan samu ga mata baƙar fata masu matsakaicin shekaru, musamman a gindin haƙoran gaba na ƙasa. A farkonsa kamarsa ɗaya da ciwon saiwa a hoto, alhali haƙoran da ransu, ba sa bukatar a taɓa su. Wanda bai ƙware ba sai ya huda lafiyayyen haƙori a banza.

Na uku, ido ya kan saɓa. A 1972 aka ba likitoci shida hotuna iri ɗaya a Amurka, aka ce kowa ya faɗi waɗanda suka warke da waɗanda ba su warke ba. Inda bakinsu ya zo ɗaya duka bai kai rabi ba.

Domin haka likitan kirki ba ya dogara da hoto kaɗai. Zai tambayi tarihin ciwon, ya ƙwanƙwasa haƙorin, ya latsa dasashi, ya ɗora abu mai sanyi ƙwarai ya ga ko jijiya za ta amsa. In abin ya rikice ne ya kan nemi babbar na'ura mai zagaya kai, wadda ke ganin abin da ƙaramin hoto ya ɓoye. Haskenta ya fi yawa, kuɗinta ma haka, saboda haka ba a yin ta ga kowa.

CIREWA KO GYARA

A 1910 wani likitan Ingila, William Hunter, ya yi lacca a birnin Montreal na Kanada, ya ɗora alhakin cututtuka da yawa na jiki a kan ruɓaɓɓun haƙoran da a ke rufewa da zinariya ba a tsabtace su ba. Maganarsa ta yi tasiri har aka shiga cire haƙora barkatai a Turai da Amurka shekaru da dama. Daga baya bincike ya nuna an wuce gona da iri, aka kuma gane in an tsabtace cikin saiwa sosai, ƙashi ya kan warke, haƙori ya ci gaba da aiki.

Ga yadda a ke aikin. A kan yi allurar kashe zafi, a keɓe haƙorin da wani ɗan mayafin roba domin kada miyau ya shiga, dabarar da aka fara tun 1864 a birnin New York. Sa'an nan a huda kan haƙori, a bi kowace hanya da 'yan siraran zartuna, ana kankarewa ana wankewa da ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta. A kan auna tsawon saiwa da na'ura ko da hoto, domin kada a tsaya a hanya, kada kuma a zarce. In hanyoyin sun tsabtata sai a cike su da wani irin ƙaro da a ke kira gataparca, wanda asalinsa daga itatuwan ƙasar Malaya ne. Daga ƙarshe a toshe kan haƙori da ciko mai ƙarfi, turmi kuwa galibi a sa masa hula domin kada ya tsage wajen tauna. Wani aikin ya kan ƙare a zama ɗaya, wani sai biyu ko uku.

Cirewa ma magani ne, wani lokaci ita ce kaɗai hanya, kamar in saiwa ta tsage a tsaye ko haƙori ya ruɓe har ƙasa. Amma giɓi yana da nasa wahala: maƙwabtan haƙori su kan karkato, tauna ta ragu.

YADDA A KE GANE WARKEWA

Zafi ya kan tafi cikin 'yan kwanaki, amma ƙashi ba ya gaggawa. Ramin nan yana cikewa ne sannu a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, cikin watanni. Ba yadda za a san ya cike sai an sake hoto an gwada shi da na ranar da aka gama aiki.

A 1956 wani likitan ƙasar Suwidin, Strindberg, ya bi sawun haƙoran da ya yi wa aiki shekara da shekaru, ya nuna cewa wasu ba a iya yanke musu hukunci sai bayan shekara huɗu. A 1986 Orstavik da abokan aikinsa a ƙasar Norwe suka tsara ma'auni mai daraja biyar: daraja ta 1 lafiyayyen ƙashi, ta 5 ciwo mai tsanani mai yaɗuwa. Da shi likitoci ke auna ci gaba da harshe ɗaya. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Turai ta fitar a 2006 ita ce a sake duba haƙori bayan shekara ɗaya, in tabon bai gama ɓacewa ba a ci gaba da dubawa har shekara huɗu. Yawancin waɗanda za su warke, alamar ta kan bayyana tun a shekarar farko.

Hukunci iri uku ne. In tabo ya ɓace, layukan nan biyu suka koma yadda su ke, ba zafi ba kumburi, an warke. In ya ragu amma da saura, ana kan hanya, sai haƙuri. In yana nan yadda ya ke bayan shekarun nan, ko ya ƙaru, ko ƙurji ya fito a dasashi, to aikin bai ci ba. Dalili ya kan zama wata hanya da ta ɓuya ba a wanke ta ba, ko ciko ya yi yoyo, ko saiwa ta tsage. Sai a sake wankewa, ko a yi 'yar tiyata a datse ƙarshen saiwa, ko a cire.

Amfanin zuwa da wuri a fili ya ke. A 1990 Sjogren da abokan aikinsa a birnin Umea na Suwidin suka ba da sakamakon haƙoran da suka bi shekara 8 zuwa 10. Waɗanda aka yi wa aiki kafin tabo ya fito a ƙashi, 96 cikin ɗari sun zauna lafiya. Waɗanda tabo ya riga ya fito, 86 cikin ɗari. Waɗanda kuwa aka taɓa yi musu aiki, ciwo yana nan, aka sake, 62 cikin ɗari kawai. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Mai ciwon sukari da bai kula da shi ba, warkewarsa ta kan yi jinkiri, saboda haka lalle ya gaya wa likita. Haka mai sikila, da mace mai juna biyu. Ciki ba ya hana a yi maganin haƙori, amma likita yana bukatar ya sani.

ALAMUN HAƊARI

Wani lokaci mugunya ta kan huda ƙashi ta fito a dasashi kamar ɗan ƙurji, ko ma a fatar haɓa, tana fashewa tana komowa. Wannan ba ya warkewa da shafe-shafe, domin tushensa yana gindin haƙori. Mafi muni shi ne in ta bi ta ƙarƙashin harshe zuwa wuya, galibi daga turamen ƙasa. Wani likita Bajamushe, Ludwig, ya bayyana wannan tun 1836, har yau kuwa yana kisa in an yi jinkiri. Daga haƙoran sama kuma ta kan nufi wajen ido.

In aka ga mai ciwon haƙori da zazzaɓi, fuska ko wuya a kumbure, bakinsa ba ya buɗuwa, haɗiyar miyau tana gagararsa, muryarsa ta sake, ko ido ya fara rufewa, to ba maganar jiran ranar kasuwa. A kai shi babban asibiti a ranar, ko da dare ne.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

Na ɗaya, a sanar da dagatai da masu unguwa cewa lafawar zogi ba warkewa ba ce. Haƙorin da ya yi duhu, ko mai ƙurji a gindi, a kai shi a duba ko da ba ya ciwo.

Na biyu, a hana sa wa haƙori ruwan batir ko fetur, ko danna ƙwayar asfirin a dasashi, domin ƙuna su ke ƙarawa. Kanumfari yana rage zogi na ɗan lokaci, amma ba ya kai ga saiwa. Sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kanti ba da umarnin likita ba ya kan kwantar da kumburi ya komo, yana kuma koya wa ƙwayoyin cutar jure magani.

Na uku, a ja kunnen jama'a game da masu cire haƙori a kasuwa. Saiwa ta kan karye ta zauna a ciki, kayan aikin da ba a dafa ba kuma su kan ɗauki ciwon hanta da ƙanjamau daga wani zuwa wani. Likitan haƙori na gaskiya yana da rajista da majalisar likitoci ta ƙasa. Akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri da Sakkwato, da manyan asibitocin jihohi da yawa.

Na huɗu, wannan aikin malamai ne musamman. Wanda aka wanke wa saiwa, a taimake shi ya adana katinsa da hotonsa, a rubuta masa ranar komawa da harshen da ya iya karantawa, a tuna masa in shekara ta zagayo. In babu hoton farko, likita ba shi da abin da zai gwada na biyu da shi. Wanda aka fara wa aiki kuma kada ya tsaya a rabi don zafi ya tafi, gama cikon wucin gadi ba ya daɗewa.

Na biyar, a lura da yara. Turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara shida, a bayan haƙoran nono, iyaye su kan zaci shi ma zai faɗi ne, su ƙyale shi ya ruɓe. A riƙa goge baki safe da dare da buroshi da man goge baki, asuwaki ma yana da amfani in an bi kowane lungu da shi, a kuma rage alewa da lemon kwalba da yawan sukari a shayi.

Hakimin da ya sa aka karanta wannan a zaurensa, ya kuma sa dagatansa suka kai shi ƙauyuka, ya yi wa talakawansa babban taimako, gama rigakafi ya fi magani. Allah ya ƙara wa ƙasa lafiya.